Hajiya, yarinyar nan fa tana da uwa

Wannan saƙon ya shigo min tun satin da ya wuce, na karanta shi ya fi sau biyar kafin in iya zama in bada amsa. Na ɗan rage masa tsawo kuma na cire sunaye kamar yadda mai shi ta roƙa.

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni ƴar kasuwa ce ina da shago a Kwari, yarana uku duk maza Allah bai bani mace ba. Shekara shida kenan wata kwastomata da take zuwa sarin atamfa daga Damagaram ta Nijar ta bani labarin maƙociyarta da mijinta ya rasu ya barta da yara huɗu, nace a bani ɗaya in ɗauki nauyinta, aka haɗani da ta biyun lokacin tana shekara bakwai. Tun daga nan duk wata sai na tura, kayan sallah tare da na yarana nake ɗinka mata, ta wayar mamanta muke magana a WhatsApp, Mama take ce min, hotonta ne ma a fuskar wayata duk da sau ɗaya na taɓa ganinta ido da ido. Bayan babbar sallah nace wa uwar ta bani ita ta dawo Kano in sata a makaranta mai kyau, in lokaci yayi in aurar da ita a ɗakina, tace zatayi shawara, daga baya tace wai baffannin yarinyar basu yarda ba. Tun daga ranar yarinyar ta canza min, gaisuwa kawai, ina wuni Mama lafiya lau shikenan, ga uwar kuma sau biyu tana ce min kuɗin baya isa. Maigida yace daman ya faɗa min, ga marayu a danginmu na tsallake na tafi wata ƙasa yanzu gashi an maidani saniyar tatsa. Wallahi Anti kuka nake. In daina turawa ne ko ince musu ko su bani ita ko in janye hannuna?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka miki da alheri, Allah ya sa ki tarar da shi a mizani, shekara shida ana turawa duk wata ba wasa bane, da yawanmu ko adashe bama iya riƙewa shekara ɗaya ba tare da mun fara ɓuya wa uwar adashe ba. Kuma na yarda da kukanki, ba zan ce miki son da kike mata ƙarya bane ko wai ai ba ke kika haifeta ba meye na damuwa, a'a, mutum yana iya son ɗan da bai haifa ba har ya rasa barci, wanda bai taɓa ba shi zai yi musu. Amma tunda shawara kika nema ba lallashi ba, toh kiyi haƙuri da abin da zan faɗa, cikin zaɓi biyun da kika kawo babu ko ɗaya da zan ce kiyi. Kar ki daina turawa, kuma wannan maganar ta ko a baki ita ko ki janye, dan girman Allah kar ta fito daga bakinki ko da wasa, don ranar da ta fito kin maida shekara shida na sadaka sun zama kafin alƙalami, kamar daman biya kike a hankali a hankali har ki gama ki ɗauki kayanki.

Bari in fara da uwar, don a duk saƙonki ita ce wadda kika fi wucewa da sauri. Mace ce mijinta ya mutu ya barta da huɗu. Ta biyun, mace, shekara sha uku. Hajiya ke da kanki kinsan mece ce ƴa mace mai shekara sha uku a gidan da babu namiji babba, ita ce ɗiban ruwa, ita ce rainon ƙanne in uwar ta fita nema, ita ce wadda uwar zata zauna da ita da daddare suyi maganar da ba za'a yi da yara ba. Kin nemi a baki ita ne a daidai lokacin da ta fara zama abokiyar shawarar uwarta. Kuma ki lura bata ce miki a'a kai tsaye ba, cewa tayi zatayi shawara, sannan ta jingina abin ga baffanni. Ko da gaske baffannin ne suka ƙi, ko ita ce ta ƙi take jin nauyinki ta fake da su, duk ɗaya ne, matar nan kunyarki take ji, kuma na tabbata ta kwana bata yi barci ba tana lissafin in tace a'a shikenan tallafin ya tafi, in tace eh ƴarta ta tafi. Wannan ba halin mai tatsa bane. Mai tatsa ai cewa zatayi toh Hajiya sai bayan damina, bayan damina tace sai an yi hutu, tana ja miki rai kuɗi na shigowa.

A shari'a ma haƙƙinta ne. Mu nan malikiyya muke bi, su ma can haka, kuma duk wadda tayi Risala a islamiyya ko makarantar dare ta wuce wajen, rainon ƴa mace yana hannun uwa har sai tayi aure ta tare, in uwar ta rasu ko tayi wani auren sai ya koma wajen kaka, sannan ƴar uwar uwa, haka ake bi. Mai ciyarwa daga waje komai yawan abin da ya kashe baya shiga wannan layin. Su kuma baffanni da kike jin haushinsu, ki tsaya a takalmin da suke tsaye, a'a bari in faɗa miki yadda za'a faɗa a garinsu, cewa za'a yi wane ya mutu ƴan uwansa sun kasa riƙe masa ƴa sun miƙa wa bare a Najeriya. Ga kuma labaran da kowa yake ji na yaran da ake kawowa birni da sunan karatu su ƙare a wanke-wanke da shara. Ke kinsan ba haka kike nufi ba, ni ma na yarda, amma su sau ɗaya suka taɓa ganinki.

Zan baki labarin kaina kaɗan don kar kice daga littafi nake magana. Ni ƴar riƙo ce. Ina shekara tara aka ɗaukoni daga ƙauyenmu aka kawoni wajen gwaggona a cikin gari, ƙanwar babana ce uwa ɗaya uba ɗaya, bata taɓa dukana ba, bata bambanta ni da nata ba, ita ta sani a boko, duk abin da na zama yau ta dalilinta ne Allah ya jiƙanta. Amma wallahi na fi shekara ina kuka a ɓoye, in an kashe fitila in juya fuskata bango in cusa bakin zani a baki kar aji. Abin da na fi tunawa ba ma babata ba, ƙanina ne da nake goyo, har yanzu ina iya jin nauyinsa a bayana da yadda yake cusa hannu a wuyan rigata. Da aka kaini gida hutu bayan shekara biyu ya ganni ya ɓuya a bayan babarmu, bai sanni ba. Wannan fa gidan gwaggona ne, jinina, tafiyar awa ɗaya a mota. Ke kuma kina maganar wata ƙasa, gidan da ba dangi, da boda a tsakani.

Kuma bodar nan ba abin rainawa bace duk da muna ganin Kano da Damagaram kamar gida ɗaya, ta Daura ka bi Kongolam ka shiga Matamaye ko ta Ɓaɓura ka faɗa Magarya, in ka fita da safe kafin la'asar ka isa. Ki tuna watan Agusta 2019 da gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki sai Disamba 2020 aka buɗe. Ki tuna juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka kifar da shugaban Nijar Bazoum, ECOWAS ta saka takunkumi aka sake rufewa har wutar da ake basu daga nan aka yanke, sai a Maris 2024 aka buɗe ta ɓangarenmu, yanzu kuma tun Janairu 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS gaba ɗaya. Ke ƴar Kwari ce kinfi ni sanin yadda kwastomominku na can suka ɗauke ƙafa a lokacin. Toh a cikin shekarun nan shida da kike tare da yarinyar sau biyu ana datse hanya. Da tana hannunki uwar ta kwanta ciwo fa, ko ita yarinyar ta kwanta a nan uwar na can tana jin labari a waya? Sannan tsallako da yarinya ƙarama wadda ba taki ba ba tare da takardar yardar iyayenta ba, in aka tsayar da ku a hanya sunan abin daban ne a wajen imigireshan da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, niyyarki mai kyau ba'a rubuce take a goshi ba.

Sai maganar gidanki, wadda nayi mamaki maigida bai kawo ta ba ya tsaya a kan kuɗi. Samari uku gareki. Yarinyar nan ba muharramarsu bace, ba muharramar maigida bace, kuma ƙofar shayarwa ta rufe tun tuni don wannan a cikin shekara biyun farko ne. Ma'ana zata zauna a gidan da ake ce mata nan gidanku ne amma hijabi a jikinta daga ɗaki zuwa kicin, ke kuma kullum idonki a buɗe. Kiran Mama da take miki babu laifi a ciki, girmamawa ce, duk muna kiran iyayen ƙawayenmu haka, amma baya canza komai a hukunci. Zaidu bin Harisa ai Zaidu bin Muhammad ake ce masa a Makka, sai da aya ta 5 a suratul Ahzab ta sauka tace a kirasu da sunan iyayensu. Musulunci ya buɗe ƙofar kula da maraya har Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu yace shi da mai kula da maraya kamar haka suke a aljanna, amma bai ce sai marayan yana kwana a ɗakinka ba, kuma bai ce ya zama naka ba. Ladan da kike nema yana isa Damagaram ba tare da yarinyar ta motsa ba.

Karatun ma da kike cewa makaranta mai kyau, ki duba da kyau. Da faransanci tayi firamare shekara shida, yanzu in lissafina daidai ne tana farkon kwaleji, shekara huɗu ce sannan ta zana BEPC, jarabawar gama ƙaramar sakandare a can. In kika kawota nan turanci zata fara daga a b c, ko a maidata aji huɗu na firamare ta zauna da ƴan shekara tara tana budurwa, ko a turata JSS tana kallon allo kamar an rubuta da sinanci, yara kuma kinsan halinsu, hausarta kaɗai ta isa su sata a gaba, ta kira makaranta lakwal suyi dariya ta kira malami mushe suyi dariya. Kuɗin da zaki biya wa makarantar kuɗi a nan zango ɗaya in kika juya shi can zai yi mata abin da yafi haka, littattafai, malamin da zai ƙara mata darasi da yamma, ko fitila mai sola da zatayi karatun dare.

Yanzu maganar kuɗi baya isa, wadda ita ce tasa kalmar saniyar tatsa ta zauna miki a rai. Tambaya ɗaya zan miki, naira nawa kike turawa a 2019 kuma nawa kike turawa yanzu, sannan in an canza sefa nawa yake zama a hannunta? Don sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957 ne baya motsi, naira kuwa tunda aka saketa a watan Yuni 2023 kinga abin da ya faru, dalar da take ƙasa da 500 a farashin gwamnati sai da ta haura 1,500 a 2024. Ko kin ninka abin da kike turawa sau biyu zai iya yiwuwa abin da yake isa hannun matar bai kai na da ba. Ke a nan kina ganin kin ƙara, ita a can tana ganin an rage, kowa yana jin an masa ba daidai ba kuma babu wanda yayi ƙarya. Ki shiga Wapa gobe in kin fito kasuwa, ga shi nan kusa da ku, ki tambayi ɗan canji nawa kuɗinki yake a sefa yau, kiyi lissafin da kanki kafin ki yanke wa baiwar Allah hukunci. Kuma in kuna lissafi da ita a waya ki kula, jaka a bakinsu sefa 1,000 ce, ba jakar iyayenmu ta naira 200 ba, dala kuma sefa 5, na taɓa ganin rigima ta tashi tsakanin mutum biyu masu gaskiya a kan wannan kawai.

Abin da zan ce kiyi a nan, ki daina alƙawari da naira. Ki zauna ki duba abin da zaki iya ɗauka ba tare da kin takura ba ko kasuwa tayi sanyi, ki faɗa mata a sefa, kaza ne duk wata, kaza kuma in za'a koma makaranta a watan Oktoba, kayan sallah daban. Ki faɗa mata har yaushe, misali har ta gama BEPC sannan ku sake zama. Wanda yasan abin da zai zo masa da ranar da zai zo baya yawan roƙo, rashin sani ne yake sa mutum ya dinga taɓa ka yana gwada zurfin ruwa. In kuma wata buƙata ta taso wadda ta fi ƙarfinki kice mata wannan kam bazan iya ba, babu laifi, ai ba gwamnati bace ke. Wani abu kuma, yara huɗu ne a gidan, kar ki zata kuɗin yarinya ɗaya ake ware mata a kwano daban, tukunya ɗaya ce, in an sayi hatsi kowa zai ci kuma haka ya kamata. Kayan sallah ma in kina ɗinka mata leshi ƙannenta na kallo da tsohon kaya, kina haɗa mata gaba ne a cikin gida baki sani ba, gara ki rage tsadar nata ki haɗa da yadi ko atamfa mai sauƙi na sauran.

Toh ita yarinyar me yasa tayi sanyi? Hajiya wayar ba tata bace. Duk saƙon muryar da take turo miki uwar na zaune a gefe, wataƙila ma da wani baffan a tsakar gida. Ki kwatanta abin a idonki, an miƙo mata waya ance gaida Mamanki ta Kano, ita kuma ta ji duk maganganun da akayi a kanta, ta ji anyi faɗa, ta ga uwarta na share hawaye, tasan saboda ita ne. In ta sake da ke tayi dariya kamar da, uwar zata ga kamar so take ta tafi ta barta. In kuma a ranta tana son zuwa Kano ɗin, wanda zai iya yiwuwa don wace yarinya ce bata son birni, toh kunya da jin ta ci amanar uwarta sun isa su rufe mata baki. In kuma tsoron tafiyar take, toh gani take duk kalma mai daɗi da ta faɗa miki ƙara jawo tafiyar take. Ta ko ina ina wuni lafiya lau ita ce kaɗai maganar da bazata ɓata wa kowa rai ba. Ki ƙara da cewa shekara sha uku ce, ƴaƴan da muka haifa ma a wannan shekarun sai ka tambayesu abu goma su baka amsa ɗaya. Yarinyar shekara bakwai mai rera miki karatun allo a waya ta girma, ko da maganar tafiya bata taso ba dole wata rana muryar ta canza.

Turawan da suka daɗe a wannan harkar sun sha wannan ruwan kafin mu. Tun 1937 lokacin yaƙin basasar Sifen wani ɗan jarida ɗan Ingila John Langdon-Davies da abokin aikinsa suka fara tsarin mutum ɗaya ya ɗauki nauyin yaro ɗaya a wata ƙasa suna musayar wasiƙa, abin da ya zama Plan International yanzu. Kuma manyan ƙungiyoyin da suke wannan aikin in ka shiga zaka tarar da dokoki kamar katanga, wasiƙa sai ta bi ta ofis an duba, ba'a baka lambar gidan yaron, in zaka ziyarta sai da ma'aikacinsu a tare, kuma an hana ka yi wa yaro alƙawarin zaka ɗaukoshi ka kawoshi ƙasarka. Da ina ganin wannan taurin kai ne irin nasu, mu ai zumunci muka sani ba fom ba. Daga baya na gane abin da suke tsoro, mai bayarwa yana da ƙarfin da shi kansa baya gani, in yace ina so, wanda ake baiwa ji yake kamar ance dole. Ke baki da ofis a tsakani, daga ke sai uwar sai waya, toh ke ce zaki zama wa kanki katangar.

Maganar maigida kuma, kar ki watsar da ita duka don tazo da zafi. Yana da gaskiya ta wani ɓangaren, hadisi ne sadaka ga ɗan uwa lada biyu ce, ta sadaka da ta zumunci, kuma mu ma muna cewa gida bai ƙoshi ba ba'a kai wa dawa. In da gaske akwai marayu a danginku da babu mai dubasu toh ki dubasu, ko da kaɗan ne, kuma ki bari ya gani. Amma gyaran wannan ba shi ne a cire cokali daga bakin wadda aka saba ba. Waccan kin riga kin ɗauka, ta gina rayuwarta a kan ki, kuma kinsan ƙasar da take, alƙaluman UNICEF sun nuna kusan uku cikin huɗu na ƴan matan Nijar ana musu aure kafin shekara 18, yarinya marainiya mai shekara sha uku in kuɗin makaranta ya tsaya ba sai na faɗa miki abin da baffanni zasu ga shine mafita ba. Kuɗin kuma naki ne na kasuwarki, baki buƙatar izini a kan sadakar da bata taɓa gidanki ba, sai dai zaman lafiya yafi, ki nuna masa lissafin Wapa ɗin, maza suna jin maganar lamba fiye da maganar hawaye.

Kuma duk lokacin da zuciya ta ce miki ki datse don an ɓata miki, ki tuna Sayyidina Abubakar da Misɗahu. Ɗan uwansa ne talaka yana ciyar da shi, sai gashi cikin masu yaɗa ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, ƴarsa ta cikinsa. Abubakar ya rantse ya daina bashi ko ƙwayar dabino, aya ta 22 a suratun Nur ta sauka tana cewa masu falala kar su rantse zasu daina bayarwa, suyi afuwa, ashe bakwa son Allah ya gafarta muku, ya dawo ya ci gaba da bashi. Wancan fa ƙazafi aka yi wa ƴarsa. Ke me aka miki? Uwa ce tace tana son ƴarta a kusa da ita.

Abu ɗaya zan faɗa wanda zai iya miki ciwo, kiyi haƙuri ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. A layin farko na saƙonki kika ce Allah bai baki mace ba. Ina ganin tun ranar da aka turo miki hotonta kika ajiye ta a wannan gurbin, kina ɗinka mata kaya kina hango ranar da zaki yi mata jere, ki zauna a matsayin uwar amarya ana miki Allah sanya alheri. Ba zunubi bane. Amma wannan buƙatarki ce ba tata ba, kuma yarinya ƴar shekara sha uku bata da ƙarfin ɗaukarta. Jeren kuwa babu wanda ya hanaki, in lokacin yazo ki cika mota da kaya ki kai Damagaram ki tsaya kusa da uwarta. In ma kina son ki bar mata wani abu bayan ranki, gado kam bata da shi a wajenki, amma wasiyya har kashi ɗaya cikin uku halal ce tunda ba magajiya bace, ko ki bata kyauta tun kina raye a damƙa a hannun waliyyinta da shaidu, ki rubuta ki ajiye kar yaranki su zo suna musu.

Ki kira uwar, kira ba saƙon murya ba, kuma ba don ki nemi yarinyar ba, ita zaki nema. Kice mata maman wance maganar nan da na kawo na janye ta, wallahi so ne ya jawo, ƴa taki ce Allah ya raya miki, kuma abin da nake yi ba zai tsaya ba don kin ce a'a. Ki faɗi wannan na ƙarshen a fili har sau biyu don shine abin da take jira taji. Kar ki tambayeta me yasa yarinya ta canza, kar ki ce a baki ita a waya ranar, ki barsu su kwana da maganar. Saƙonninki na gaba ga yarinyar su zama marasa nauyi, me aka koya muku yau, koya min ƙirga da faransanci, ya sunan ƙawarki, irin tambayar da amsarta bata da haɗari, kuma ki daina ce mata kin manta da ni ko bakya sona yanzu, mu manya muna faɗa da wasa amma yaro bashi yake ji an ɗora masa. Zai iya ɗaukar wata biyu ko uku kafin ta sake, zai iya yiwuwa kuma bazata koma kamar da ba.

In hanya da lafiya kuma maigida ya yarda, ki shirya kije da kanki, zumunta a ƙafa take kuma sau ɗaya cikin shekara shida yayi kaɗan. Ki tafi da kwastomar taki da ta haɗaku, ki kwana biyu, ki sa a rakaki ki gaida baffannin har gida da ɗan goro da turare su ga fuskarki. In sun saba da ke wata rana su da kansu zasu iya cewa tazo miki hutu sati biyu tare da uwarta ko yayanta ta koma, amma kar ki roƙa, ki bari ya fito daga wajensu. Tsarabar kuma babba ta uwar ce ba ta yarinyar ba, ke da kike Kwari ba sai an koya miki zaɓen atamfa ba, ki cire mata turmi mai kyau irin wanda ke zaki ɗaura, ki haɗa da kuɗin ɗinki a ciki. In kin dawo ki rubuto min yadda kuka yi.